Hannun da Ke Shiga Bakin Kare

Allah da Ya ba mu Baba Ya karɓi abinsa, mu ma da muka rage muna bisa hanya. Baba surukina ne, mahaifin maigidana, don haka ko a takarda ba zan kama sunansa ba. Bakina bai taɓa furta shi ba yana da rai, alƙalamina kuma ba zai fara yanzu ba. Duk wanda ya san Birnin Kebbi a shekarun da aka ba mu jiha ya san wanda nake nufi idan na ce tsohon malamin dabbobin nan da ke gyara wa karnuka haƙora.

A kwanakin zaman makoki ina leƙen ƙofar gida ta bayan labule, sai na ga jama'ar ta rabu biyu ba tare da kowa ya raba ta ba. A inuwar darbejiya malamai ne da ɗalibansu, abokan Malam, wan Baba, wanda ke ba da karatu a zauren gidanmu. Can gefe cikin rana kuwa mafarauta ne daga Argungu da Augie, da manoman shinkafa daga Zauro. Sun ɗaure karnukansu nesa, a bakin hanya, don girmama malamai. Lokaci lokaci wani kare ya yi haushi, mai shi ya sunkuyar da kai kamar shi ya yi laifin.

Malamai sun yabi Baba, kuma gaskiya suka faɗa. Suka ce mutumin sahun farko ne, mai tilawa, ba ya shiga sabgar da ba tasa ba. Wani ya ce marigayi ya yi wa gwamnati aikin shanu da tumaki har ya yi ritaya. Shanu da tumaki! Tun safe har azahar ina saurare, ba wanda ya ce kare. Sai da wani tsohon mafarauci ya taso daga cikin rana, ya durƙusa a bakin tabarma ya ce, “Malamai, ku gahwarce ni, ni ban iya addu'ar Larabci ba. Karyata yag gyara ma baki, da ita nika ci da ɗiyana. Allah Shi gyara mai makwanci.” Aka amsa da amin, amma ƙasa ƙasa.

A cikin gida kuwa maƙwabciyarmu ce ta tayar da hankalin tsofaffi. 'Yar Filato ce, Kirista, ma'aikaciyar jinya da aiki ya kawo ta garin. Ta shigo da tukunyar kunu, ta ajiye, ta fashe da kuka da ƙarfi. Goggonnin maigidana suka ce ta yi haƙuri, ba a yi wa mamaci kururuwa. Ta ce, “Ku bar ni in yi nawa. Mutumin nan ya zauna a ƙasa da karena kamar ya zo gaida mutum.” Ni dai ban hana ta ba, don ta yi mini kukan da kunya ta hana ni yi.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami ke nan. Na ga ana shirin binne rabin Baba tare da shi, a bar mana rabin da ya fi daɗin faɗa a gaban baƙi. Ni kuwa na san rabin da ake ɓoyewa shi ya ci masa rai shekaru. Abu ɗaya Baba ya so ya sani kafin ya bar duniya: ko wansa, uwa ɗaya uba ɗaya, yana ƙyamar hannunsa.

Ni 'yar Argungu ce, kuma a can Baba ya yi yawancin aikinsa, don haka tun ina gidanmu na san labarinsa. Da aka sa ranar aurena da ɗansa, goggonnina suka same ni da tsiya, wai in tanadi tukunya ta musamman don zan riƙa dafa wa karnuka. Na yi ta rantsuwa ba zan yi ba. Ban shekara a gidan ba na tanadi tukunyar, kuma ni na zaɓo ta da kaina a kasuwa.

Na tarar da tsofaffi biyu, dukansu matansu sun riga su gidan gaskiya, girkinsu ya dawo hannuna. Malam ne babba, dogo, mai magana ɗaya ɗaya kamar ana sayen ta. Baba gajere ne, kullum da aswaki a baki, ga ba'a. Ba abin da ya haɗa halinsu, amma tun suna yara akushi ɗaya suke ci. Kowace yamma in kai tuwo zaure, Malam ya buɗe ya yi bisimilla, ya yanki lomar farko, sannan Baba ya sa hannu.

Suruki ba ya magana da matar ɗansa kai tsaye, ni ma ba na ɗaga ido in dube su. Da na haifi 'yata aka sa mata sunan mahaifiyarsu, sai suka samu hanya. Dukansu suna kiranta Inna, kuma duk abin da za a faɗa mini ita ake faɗa wa, tana goye a bayana tana tsotsar yatsa. Saƙon farko da na samu daga Baba ta bakin jaririyar nan shi ne, “Inna, hwaɗa ma uwarki ta bar tauna da gehe guda. Na hagun ma Allah yab ba ta shi, ba aro na ba.” Kunya ta kama ni, don kuwa na jima ina ɓoye ciwon haƙori. Haka yake, yana gaisawa da kai idonsa na kan bakinka. Akwai attajirin da ya daina dariya a gabansa gaba ɗaya.

Da ya ajiye aikin gwamnati ya dawo gida, mafarauta suka biyo shi. A da, in haƙorin kare ya fara girgiɗi, sai a sa awartaki a cire, ko a bar kare ya rame har ya mutu. Baba ya karanta a mujallun likitocin dabbobi da wani tsohon abokin aikinsa ke aiko masa cewa ƙashin da ke riƙe haƙori na iya sake tsirowa in an ba shi dama. Abin ya shiga ransa, ya kafa rumfa a garkar bayan gida, nesa da rijiya da inda ake salla. Kare bai taɓa ƙetare zauren gidanmu ba, wannan kam na shaida.

Sau ɗaya na tsaya na kalli aikin daga farko har ƙarshe. Mafaraucin nan da ya yi addu'a a makoki ne ya kawo karyarsa daga Argungu, gadu ya soke ta da haure a muƙamuƙin sama. Raunin ya rufe daga waje amma ya ruɓe daga ciki, fiƙarta tana lilo, bakin yana wari. Na kai tafasasshen ruwa, Inna a bayana, da niyyar in ajiye in gudu. Sai na ga karyar kwance kan buhu, an yi mata allurar barci, Baba ya durƙusa ya ɗage dasashin a hankali ya bayyana saiwar haƙorin. Na tsaya ina kallo.

Ya kankare saiwar tas, ya wanke da ruwan gishiri, sai ga rami a gefenta inda ƙashi ya cinye. Ya karto ɗan garin ƙashi daga bayan muƙamuƙin karyar, ya cuɗa da jininta, ya cusa a ramin. Daga nan ya ɗauko wata 'yar roba siririya da ya yanko daga safar hannu ta asibiti ya tafasa, ya shimfiɗa bisa wurin, sannan ya mayar da dasashin ya ɗinke. Bai juyo ba, amma ya san ina tsaye.

“Inna, kin ga wanga rami?” in ji shi. “Nan ƙashi yake da, shi ka riƙe haƙori. In na ruhe shi hakanan, nan da nan nama shi cike shi, kowa shi ce ta warke. Amma nama ba shi riƙon haƙori. Nama gaggawa garai, ƙashi ko sai a hankali. Shi yas sa nika sa wagga roba tsakani, ta tare nama, ta ba ƙashi wuri shi taso. In ya taso sai in cire ta.”

Ni malamar firamare ce, ina koyar da yara sassan jiki, amma ban taɓa jin abin da ya zauna mini a kai haka ba. Inna kuwa barci take yi.

A yammacin ranar ne abin ya faru. Sabuwar jiha ta kawo ma'aikata da yawa garin, sun gina masallaci a unguwarsu, suna son Malam ya riƙa ba su karatu. Wani babba cikinsu ya zo neman alfarmar, tuwo ya same shi a zaure, Malam ya ce bisimilla. Ina bayan ƙofa ina jiran kwashe kwanoni. Baba ya shigo, ya riga ya wanke hannu da sabulu har gwiwar hannu kamar yadda ya saba, ya zauna ya sa hannu. Baƙon, don jan hira, ya tambaye shi ko har yanzu yana taɓa aikin dabbobi.

Baba ya ce, “Ina taɓawa. Yanzunga ma daga bakin wata karya nike.”

Baƙon ya janye hannunsa daga akushi, ya ce alhamdu lillahi, ya ƙoshi. Ko loma uku bai yi ba. Malam bai ce komai ba, bai ɗaga kai ba, ya ci gaba da cin tuwonsa a hankali.

Washegari ina tuƙa tuwo Baba ya tsaya daga nesa ya ce, “Inna, hwaɗa ma uwarki ta raba muna akushi. Nawa a kai man ɗaki.” Na raba. Da na kai wa Malam nasa shi kaɗai, ya dubi akushin, ya dubi inda ƙanensa ke zama, ya tambayi jaririyar ina ƙaramin ɗanta. Na amsa a madadinta cewa ya ce a kai masa ɗaki. Malam ya ce, “To.” Duk rigimar ke nan, ba zagi, ba ɗaga murya, suna gaisawa kowace asuba, suna tafiya masallaci ɗaya.

Maigidana ya shiga tsakani, ya ji ta bakin kowa, ya zo ya zube mini. Baba ya ce masa, “Ban yi hushi da baƙo ba, bai san ni ba. Amma Yaya bai ɗaga kai ba. Halan ya daɗe shina haɗiye tuwo da ƙyar, kunya ta hana shi hwaɗi. Ba ni son in zame mai abin haƙuri.” Malam kuwa cewa ya yi, “Baƙo cikin zaurena, hannunai cikin tuwona, in kunyata shi? Ubanka ya yi karatu, ya san kare mai rai ba najasa na ba wurinmu. Shi yat tashi, shi ka komowa.” Maigidana ya kai wa kowa maganar ɗan'uwansa. Baba ya ce fatawa daban, zuciya daban, shi ba hukuncin littafi yake tambaya ba.

Ana cikin haka mafaraucin ya dawo ɗaukar karyarsa. Tana rumfa tun ranar aikin, ni ke dama mata kunu da romo a tukunyar da na rantse ba zan saya ba. Ta yi ƙiba, tana kaɗa wutsiya. Ya ce lokacin farauta ya zo, abokansa sun shirya, kuma ga ta nan tana cin tuwo.

“Tuwo kac ce,” in ji Baba. “Tuwo za ta kamo maka cikin daji? Ta ciji ƙashi guda, aikin ya rushe.”

“Likita, karyata ta ko taka?”

“Karya taka ta. Aikin da ac cikin bakinta nawa na, kuma ban gama ba. In ka kwance ta yau, kak ka sake kawo man ko kaza.”

Suka yi ta sa-in-sa har maƙwabta suka leƙo. Mafaraucin ya tafi yana surutai, ya ce an riƙe masa dabba da ƙarfin tsiya, ya yi wata bai leƙo ba. Farautar shekarar ta wuce shi. Da lokaci ya yi Baba ya cire robar, ya bar ta ta ƙara hutawa, sannan ya aika a kira shi. Ya kama fiƙar da yatsa biyu ya jijjiga, ko motsi. Mafaraucin ya jijjiga da nasa hannun, sai ya ce ai dama shi bai yi fushi ba. Bayan kwana biyu ya aiko da ƙaton kifi.

Kada a ce ina yi wa surukina kwalliya, ba kullum aikin ke ci ba. Wani lokaci wurin ya yi ruwa, wani lokaci kare ya yage ɗinkin da farce, wani lokaci ƙashin ya ƙi tasowa ba dalili. Karen maƙwabciyarmu na cikinsu. Tsohon kare ne, shi ke tsaron gidanta in ta tafi aiki ta bar yara. Duk dasashinsa ya janye, haƙoran sun tsaya tsirara. Baba ya gwada a haƙori ɗaya, bai kama ba. Ya je har gidanta, ya zauna a ƙasa kusa da karen, ya faɗa mata gaskiya cewa tsufa ya fi ƙarfin aikinsa. Ya cire waɗanda ke ba shi azaba, ya koya mata yadda za ta riƙa goge sauran da tsumma mai laushi. Karen ya ƙara shekaru yana haushi da rabin haƙora, ɓarayi kuwa ba su ƙirga ba.

Da babbar Salla ta zo, maigidana ya tara dangi don a yi sulhu. Aka zaunar da tsofaffin biyu, aka yi nasiha, aka tuna musu iyaye. Malam ya ce ba komai. Baba ya ce ba komai. Suka yi musabaha, mata suka yi guɗa, aka watse ana murna. Washegari na zuba tuwo a akushi ɗaya, Baba ya hango ni ya ce wa Inna ta tuna wa uwarta biyu ne. Maigidana ya fusata, karon farko da na ji ya ɗaga wa mahaifinsa murya. Baba ya bari ya gama, sannan ya ce, “Abin da kunka yi jiya, nama na kunka ja bisa rami. Hannu wurin gaisuwa kowa na ba kowa. Ka bar shi, in akwai abin tasowa shi taso.”

Ni kam na ji haushinsa ranar, kuma ba zan ɓoye ba don ya rasu. Tsofaffi biyu da farin gemu, bango ɗaya tsakanin ɗakunansu, kowa na cin tuwo shi kaɗai yana sauraren tarin ɗan'uwansa! Na ce a raina haƙurin da ya dace da bakin kare bai dace da mutanen da suka haura saba'in ba, don kare yana da lokaci, su ba su da shi. Amma wa zan faɗa wa? Matar ɗa ba ta yi wa surukai wa'azi, sai dai ta huce a kan muciya.

Sai da Inna ta fara tafiya da magana na samu dabara. Wata yamma na zuba tuwon mutum biyu a akushi ɗaya, na kai wa Malam, na sa yarinyar ta ce ɗayan ya tsage. Ƙarya ce da ko ita ba ta yarda da ita ba, gida cike da kwanoni, har na aurena na jere a ɗaki. Malam ya daɗe yana kallon akushin. Sannan ya yi bisimilla, ya ci gefe ɗaya, ya tsaya daidai tsakiya ya bar rabin a miƙe sumul kamar an yanka da wuƙa. Ya rufe da faifai ya ce, “Inna, kai ma ƙaramin ɗanki.”

Baba ya cinye rabinsa tas. Ba wanda ya sake tambayar akushin da ya tsage, haka muka ci gaba kowace yamma. In akwai kifi a miya, Malam ya ture tsakiyar zuwa ɓangaren ƙanensa ya ci kan. Na ɗauka na yi nasara, har ina yi wa maigidana gori cewa abin da taron dangi ya kasa, mace ta yi da faifai ɗaya. Sai wata rana na ji Baba yana magana da yarinyar, tana wasa da carbinsa.

“Inna, kin ga babban ɗanki shina bar man kihi. Na gode mai. Amma shi ka hwarawa. Hannunai ka shiga kahin nawa, in ya gama a kawo man. Wanga bai hwaɗa man komi ba.”

Gaskiya ya faɗa, kuma ban ga mafita ba. Babba ne ke fara cin abinci, haka aka yi tun kakanni, ba wanda zai kai wa ƙane akushi ya ci sannan a miƙa wa wa saura, balle wa malami. Girman da ake ba Malam shi ya hana a gane ko ladabi ake bi ko ƙyama ake ɓoyewa. Baba ba zai tambaya ba, Malam ba zai faɗa ba, ni ce dai mai jigila tsakanin zaure da ɗaki. Shekaru suka yi ta wucewa a haka, Inna ta shiga makaranta.

Ciwon ajali ya fara wa Baba ne da kaka, lokacin da ake yankan shinkafa a fadama. Ya rame, abinci ya daina zama masa, aka kai shi asibiti aka dawo da shi. Hannunsa ya soma rawa. Wani manomi daga Zauro ya kawo karen da ke kore masa birai a gona, haƙori na girgiɗi. Baba ya sa aka fito da shi a kujera, ya duba bakin, ya ɗaga hannunsa ya ga yadda yake karkarwa, ya ce ba zai sa wannan hannun a bakin dabbar da ta amince da shi ba. Ya kwatanta wa manomin inda ofishin dabbobi yake, ya faɗa masa abin da zai ce a can. Daga ranar aka rufe rumfa.

Malam na zuwa ƙofar ɗakinsa kowace safiya, ya yi masa addu'a, ya tambayi jiki, Baba ya ce da sauƙi. Rabin tuwon kuwa yana dawo mini yadda aka kai shi, don kunu kawai ke wucewa, shi ma da ƙyar. Na fara tsoron abin da nake tsoro tun farko, cewa zai tafi da tambayarsa.

Wata yamma bayan la'asar na tuƙa tuwon shinkafa da miyar kifi, na kai zaure. Inna tana Islamiyya ba ta dawo ba. Na durƙusa na ajiye, na juya zan fita, sai na ji an ce, “Ɗiyata.”

Na waiga ina neman wadda ake kira. Ba kowa sai ni. Tun da na shigo gidan nan Malam bai taɓa yi mini magana ba sai ta bakin yarinya. Bai buɗe faifan ba, ya turo akushin gabana.

“Kai mai. Ki ce shi hwara. In ya ci, ki komo man da saura.”

Na ce, “Allah gafarta Malam, ai ba ya iya cin tuwo.”

“Na sani. Ko loma guda. Ko taɓawa ta, shi taɓa.”

Ban san yadda na ƙetare tsakar gida ba. Na yi sallama, na durƙusa a gaban gadon Baba, kuma dole ni ma in yi masa magana da bakina. Na ce, “Baba, Malam ya ce ka fara.” Ya buɗe faifan ya ga tuwon cikakke, ba a taɓa ba. Sannan ya nemi ruwa, na zuba masa ya wanke hannu, na tallafa masa ya zauna. Ya sa yatsunsa masu rawa ya yanki 'yar loma, ya dangwali miya, ya kai baki. Ya jima yana fama kafin ta wuce. Ya ce, “Mai da mai. Kuma ki tsaya, kak ki hito sai kin gani.”

Na mayar, na tsaya a bakin ƙofa, abin da ban taɓa yi ba. Malam ya buɗe, ya dubi tuwon, ya riƙa juya akushin a hankali har gurbin yatsun ƙanensa ya zo daidai gabansa. Ya yi bisimilla a fili, ya sa hannu a cikin gurbin, ya fara daga nan. Bai dube ni ba, ni ma hawaye ya hana ni ganinsa sosai.

Baba bai sake cin tuwo ba bayan wannan lomar. A cikin makon ya cika, da hantsi, wansa na riƙe da shi yana laƙƙana masa kalmar shahada. Allah Ya yafe masa, Ya karɓi jinƙan da ya yi wa bayinSa marasa baki, Ya ba Malam juriyar zama shi kaɗai, mu kuma Ya kyautata namu ƙarshen.

Amma a yammacin nan yana raye, yana jirana. Ina shiga ya ce, “Ta ina yah hwara?”

Na ce, “Ta inda ka taɓa, Baba. Sai da ya juyo da wurin gabansa.”

Ya lumshe ido, ya yi ajiyar zuciya mai tsawo. Na ɗauka barci zai yi, na miƙe zan fita. Sai ya ce, “Ashe yunwa nika ji. Diba man, ya bar man saura?”

Na koma zaure da sauri, har zanina na harɗe ni. Na tarar Malam yana wanke hannu, akushin a gefe. Ba rabi, ba kifi, ba ko ɗigon miya. Ya cinye nasa, ya cinye na ƙanensa, ya suɗe. Na ɗauko akushin na kawo wa Baba, na karkata masa shi ya ga cikinsa.

Ya duba, ya sake dubawa, sai ya kama dariya, dariyar da ta sa shi tari har na riƙe masa kafaɗa, hawaye na bin gemunsa.

“Haka shike,” in ji shi. “Tun muna ƙanana, in Innarmu ta ce in riga shi ci, sai shi rama. Ba shi bar man ko miya.”